Karen Gida Da Ƙaiƙayin Kaka

 Yau maganar kare na kawo muku. Na san wata za ta ce, "Af! Duk abubuwan da suka dame mu a rasa wanda za a ɗauko sai kare?" To, ku yi haƙuri ku saurare ni. A gidajen da a ke ajiye kare don gadi ko don farauta, maigida ne ya kan kawo shi, amma wa ke zuba masa ƙanzo da sauran tuwo? Wa ke wuni a gida yana jin motsinsa a bayan ɗaki? Ai mu ne da yaranmu. Saboda haka in wani abu ya same shi mu za mu fara gani, kuma abin da muka gaya wa maigida da dare shi ya kan zama hukunci. In mun ce ƙazuwa ce, a kore shi. In mun ce hauka ne, a ɗauko kulki. Kun ga ashe ran dabba ya kan rataya a bakinmu, ya kamata kuwa mu san abin da mu ke faɗi.

Akwai wani ciwo da kan kama waɗansu karnuka idan damina ta yi nisa, daga marka har zuwa kaka. Sai ku ga kare ya zauna yana ta lasar tafin ƙafafunsa, yana cizon tsakanin yatsunsa kamar mai neman ƙaya. Ya goga fuska a ƙasa, ya kaɗa kunnuwa, ya sa ƙafar baya ya yi ta susar hammata da ciki. In kun duba fatar cikinsa, inda gashi ba shi da yawa, za ku tarar ta yi ja. In mai farin gashi ne, ƙafafun su kan rine su yi ja-ja kamar an sa masa lalle, don yawan miyau. Da dare ba ya barci, masu gida ma ba sa yi. Amma da sanyin hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, sai abin ya lafa kamar ba a yi ba. Baɗi war haka kuma ya dawo. Wannan zuwa da tafiya tare da lokaci, shi ne babbar shaidar ciwon.

Mu mata mun san ƙaiƙayi, gama mu ke sussuka, mu ke shiƙa. Ƙaiƙayin gero ba ya zaɓe, duk wadda ya hau wa wuya sai ta yi susa, domin tsininsa ne ke sukar fata. To, wanda na ke magana a kansa dabam ne. Asalinsa bununi ne, watau garin nan mai laushi da ke zuba daga kan gero da dawa da masara sa'ad da suka yi fure. Ciyawar daji ma tana yinsa, irin su gamba da kyasuwa da harƙiya da kiri-kiri, domin dukansu dangi ɗaya ne da hatsinmu. Furen kabewa da makamantansa kudan zuma ne ke ɗaukar musu bununi daga wannan fure zuwa wancan, don haka nasu mai nauyi ne mai danƙo, ba ya yawo. Ita ciyawa kuwa iska ce ɗan aikenta. Shi ya sa ta ke zubar da shi da yawa ƙwarai, mara nauyi, ya cika sarari ba mu gani. Karnuka goma za su ratsa fili ɗaya, tara su fito lafiya lau, ɗaya ya kwana yana susa.

Me ya sa haka? Allah ya yi wa jikin mutum da na dabba masu tsaro a cikin jini da fata, aikinsu su yaƙi ƙwayoyin cuta. A jikin waɗansu, masu tsaron nan su kan yi kuskure, su ɗauki bununi abokin gaba, alhali ba ya cutar da kowa. Da ya shigo sai su yi ta zubo waɗansu sinadarai masu sa ja da kumburi da ƙaiƙayi. Kamar maigadi ne da ya ga inuwar reshe ya tashi unguwa da ihun ɓarawo. Likitoci suna kiran wannan hali aleji, dangin abin nan ne da mu ke ce wa borin jini. A jikin mutum ya fi fitowa ta hanci da ido, a yi ta atishawa da hawaye. A jikin kare kuwa ta fata ya fi fitowa, gama karen da ke da wannan hali fatarsa ba ta da ƙarfin tare abu kamar ta sauran, bununin ya kan ratsa ta. Ga shi kuma kare ba ya sa takalmi, cikinsa kuwa daidai tsayin ciyawa ya ke. Abin ya kan bi jini, a gaje shi daga iyaye, kuma yawanci ya kan fara nunawa tun kare na da wata 6 zuwa shekara 3. Waɗansu karnukan ƙasashen waje, kamar irin wanda mu ke kira karen 'yan sanda, sun yi suna da shi, amma namu na gida ma ba su tsira ba.

Bari in ba ku labarin yadda na san wannan. Gidanmu a bakin gari ya ke, a ƙasar Zazzau, bayan katangarmu fili ne sai gonaki. Muna da wani kare mai fararen ƙafafu, yara na kiransa Dogo, tun yana ɗan kwikwiyo aka kawo wa Baba shi. A daminarsa ta biyu ya fara lasar ƙafa. Kaka ta ce ƙuma ce, za ta wuce, da sanyi ya zo kuwa sai ta wuce. A damina ta uku abin ya dawo da ƙarfi. Ya ciji ƙafarsa har jini, kunnensa ɗaya ya yi wari, ran nan ƙanena ya kai hannu wajen kunnen sai ya yi masa gurnani. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai karen gidanmu ya haukace. Bayan magariba maƙwabta uku suka yi sallama da Baba a zaure, suka ce a kashe shi tun bai yi ɓarna ba. Ban ga laifinsu ba, gama kowa na da 'ya'ya, haukan kare kuwa ba abin wasa ba ne.

Lokacin ina gida, mun sami hutu daga kwalejin horon malamai. A can an koya mana kowace ɗaliba ta riƙe littafin lura da halitta, ta riƙa rubuta ranar da ta fara ganin shamuwa, da ranar ruwan fari, da ranar da gero ya yi bununi. Ni har abin da ya shafi dabbobin gidanmu na kan rubuta, wanda ban gani da idona ba ƙanena ya gaya mini. Da baƙin suka tafi na ɗauko littafin, na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, a gafarce ni, ina da magana. Bara a makon ƙarshe na Agusta ya fara wannan susa, bai daina ba sai farkon Nuwamba. Bana ma ga shi a makon ƙarshe na Agusta ya fara. Yana cin abincinsa, yana shan ruwa, in an kira shi yana zuwa. Ciwon da ya yi wata biyu ya tafi, ya kuma dawo a kan lokacinsa, anya hauka ne?"

Baba ya karɓi littafin ya duba a hasken fitila, ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "To, uwata, na ji. Za a ɗaure shi, kada yaro ya je kusa da shi. Gobe ke da yayanki ku kai shi wurin likitan dabbobi. Abin da ya ce shi za a yi."

Likitan ya taje gashinsa yana neman ƙuma da kashinta. Ya kankari fatar kaɗan ya duba a madubin nan mai ƙara girman abu, ko zai ga ƙwaron ƙazuwa, bai gani ba. Ya leƙa kunnuwan, ya tambayi irin abincin da mu ke ba shi, sa'an nan ya karanta littafina. Ya ce, "Malama, wannan littafi naki ya rage mini rabin aiki. Wannan ciwo ba shi da awo guda da za a yi a ce ga shi. Sai mun kawar da sauran cututtuka ɗaya bayan ɗaya, kāna mu dubi lokacin da ya ke zuwa. Lokacin kuwa mutanen gida ne kaɗai suka san shi." Ya ba mu maganin kunne, da na ƙurajen da susa ta jawo, da ƙwayoyi na 'yan kwanaki don kwantar da ƙaiƙayin, ya yi masa allurar rigakafin hauka. Ya kuma gaya mana gaskiya, cewa ba a warkewa daga wannan hali ɗungum, sai dai a riƙa lallaɓa shi kowace shekara. Haka mu ke yi, Dogo kuwa yana nan yana gadinsa.

Da ma da irin wannan lura aka gano ciwon tun asali. A Ingila an yi wani likita a birnin Mancesta, sunansa Charles Blackley, shi kansa kowace shekara in ciyawa ta yi fure sai mura ta kama shi. Mutanen zamaninsa waɗansu suka ce zafin rana ne, waɗansu suka ce ƙanshin ingirici ne. Shi kuwa sai ya riƙa shafa wa 'yan gilasai danƙo yana ajiyewa a waje, yana ƙirga ƙwayoyin bununin da suka manne kowace rana, yana gwadawa da yadda jikinsa ya ke a ranar. Har ya kan ƙarci fatar hannunsa ya shafa bununi, wurin ya kumbura. A 1873 ya buga abin da ya gano. A 1906 wani likitan yara a ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya ƙago kalmar nan aleji. A 1941 kuma wani likita a Amurka mai suna Wittich ya rubuta bayanin wani kare da ke yin ciwon kowace kaka saboda bununin wani haki, aka tabbata dabba ma tana yi. Ku duba fa, cikin waɗanda suka share fagen wannan ilmi har da mutumin da ya riƙa rubuta kwanan wata.

To, yaya za ku bambanta shi da sauran abubuwan da ke sa kare susa? Ƙuma ta fi damun gindin wutsiya da gadon baya, in kun buɗa gashin za ku ga baƙin gari kamar barkonon da aka daka, kashinta ke nan. Kaska ana ganinta da ido, ta fi son kunne da wuya da tsakanin yatsu. Ƙazuwa ta kan fara daga gefen kunne da gwiwar ƙafar gaba, gashi ya zube, fata ta yi ɓawo, ba ruwanta da damina ko rani, kuma tana yaɗuwa zuwa sauran karnuka, har mutanen gida su kan sami ƙuraje. Ƙarangiya in ta maƙale, ƙafa ɗaya ce za ku ga yana ɗingishi da ita, alhali ƙaiƙayin bununi dama da hagu ya ke kamawa. Akwai kuma karen da wani abinci ne bai karɓe shi ba, ko ƙurar ɗaki, shi nasa ƙaiƙayin duk shekara ne. Wani ma da na kaka ya kan fara, in ya manyanta ya zame masa na kullum.

Haukan kare kuwa ba ya kama da ko ɗaya cikin waɗannan. Halin karen ne ke juyewa gaba ɗaya. Mai fara'a ya koma mafaɗaci, ko mafaɗaci ya yi laƙwas, muryarsa ta sāke, ya kāsa haɗiya, miyau na dalala, ya riƙa cizon duk abin da ya tarar, daga baya ƙafafu su shanye. Da alamun sun bayyana, da wuya ya wuce kwana 10 bai mutu ba. Duk da haka kada ku yi sakaci. Kare kowane iri ne in ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira. Rigakafin da a ke yi wa kare shi ne kwanciyar hankalin gida da na maƙwabta. Tun 2007 aka keɓe ranar 28 ga Satumba don tuna wa duniya wannan ciwo, ga shi kuwa ta faɗo daidai lokacin da ciyawarmu ke fure, sai ku haɗa tunawa biyu a wuri ɗaya.

Yanzu ga abin da mace za ta iya yi a gida, ba tare da kashe kuɗi ba. Na fari, a sa yara maza su nome ciyawar da ke kewaye da gida tun ba ta fid da kai ba, wannan ma zai rage muku sauro da macizai. Na biyu, a ajiye tsohuwar tasa ta musamman da ruwa a bakin ƙofa, in kare ya dawo daga yawo a ɗauraye masa ƙafafu, a goge masa ciki da jiƙaƙƙen tsumma, a tsane tsakanin yatsun, domin laima na kawo wari da ƙuraje. Na san da yawanmu ba ma son taɓa kare, to ana iya sa safar hannu ta roba, ko a zuba masa ruwan da buta, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama. Na uku, a yi masa wanka sau ɗaya a mako da ruwa mai ɗan sanyi da sabulun da likitan dabbobi ya nuna. Sabulun wanki yana busar da fata, ya ƙara wa Barno dawaki. Na huɗu, buhun da ya ke kwana a kai a riƙa wanke shi ana shanyawa a rana. Na biyar, a raba shi da ƙuma da kaska, gama ƙaiƙayi biyu in sun haɗu sun fi ƙarfin haƙuri.

Ga kuma abin da na ke roƙonku kada ku yarda a yi a gidanku. Kada a shafa masa baƙin man mota ko kananzir. Suna ƙona fatar da da ma ta yi rauni, zai kuma lashe su su shiga cikinsa. Kada a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Dafinsu na ratsa fata, ya sa kare dalalar miyau da makyarkyata, sai ga shi mutane sun taru sun ce ai ga haukan nan ya tabbata, alhali guba aka sa masa. Yaran da suka taɓa shi ma suna cikin hatsari. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen yana yi wa kare lahani a ciki da ƙoda, farasitamol kuwa in ya yi yawa yana ɓata masa hanta, kyanwa ma ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

In abin ya fi ƙarfin wanka, sai likitan dabbobi. Akwai ƙwayoyi irin su firedinisolon masu kwantar da ƙaiƙayi da sauri, ga araha, amma suna sa ƙishirwa da yawan fitsari da ci, in an daɗe ana sha kuwa suna raunana jiki, don haka likita ne zai faɗi yawansu da ranar dainawa. Irin ƙwayar atishawa da mutane ke sha ba ta cika yi wa kare aiki sosai ba. Akwai sababbin magunguna, kamar ƙwayar Apoquel da aka yarda da ita a Amurka a 2013, wadda ba a ba karen da bai shekara ba, da allurar Cytopoint da ta biyo baya, wadda guda ɗaya kan yi mako 4 zuwa 8 tana aiki. Suna da tsada, kuma suna tsai da ƙaiƙayin ne kawai, halin yana nan. Akwai kuma dabarar da Leonard Noon ya fara a Landan a 1911 don mutane, watau a riƙa sa wa jiki bununin kaɗan kaɗan har ya saba da shi. Ana yi wa karnuka ita yanzu, tana taimakon da yawa, sai dai ta kan ɗauki watanni har shekara kafin a ga amfaninta.

Wannan magana ba ta tsaya kan kare ba. Akwai yaran da kowace shekara in gero ya yi bununi sai su kama atishawa, hanci na zuba, ido na ƙaiƙayi, ba zazzaɓi. Waɗansu har ƙirjinsu ya riƙa kuka da dare. Mu kan ce ai wane mai yawan mura ne, mu yi ta ɗura masa magani. In uwa ta lura da watan da abin ke zuwa ta gaya wa likita, ta ba shi bakin zare. Ku kuma kwantar da hankalinku, aleji ba a ɗaukarsa, yaro ba zai same shi daga kare ba, kare ma ba zai same shi daga yaro ba. Ƙazuwa da makero su ne a ke ɗauka, shi ya sa sanin bambancin ya ke da amfani.

Ƙannena 'yan makaranta, ga aikin da na ba ku. Kowace ta sami ɗan littafi, ta rubuta ranar da ruwa ya sauka, da ranar da ciyawar bayan gida ta fid da kai, da ranar da wani a gida, mutum ko dabba, ya fara susa ko atishawa, da ranar da ya daina. Layi ɗaya a rana ya isa. Shekarar fari ba za ku ga kome ba, a ta biyu za ku fara ganin abubuwa na maimaita kansu. Ku kuma iyayenmu mata, in yarinya ta kawo muku abin da ta rubuta, ku saurare ta, amfanin karatun ke nan ya fara shigowa gida. Dabbar da muka ajiye haƙƙinta na wuyanmu, ita kuwa ba ta da bakin da za ta ce ga inda ke mata ciwo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya, amin.